Mayen da Ke Riƙe da Sitiyari

Duk wanda ya san unguwar Dakata a Kano ya san yadda titin Haɗeja yake kasancewa da asuba da kuma bayan magariba. Tireloli na fitowa daga Bompai da kaya niƙi-niƙi, 'yan adaidaita sahu na kutsawa ta tsakaninsu, ga leburorin masana'antu a ƙafa, wasu za su kama aiki, wasu sun tashi. A cikin wannan cunkoso, direba ɗaya da ba ya cikin hayyacinsa ya isa ya jefa gidaje da yawa cikin makoki.

A yawancin jihohin Amurka, tuƙi cikin maye yana tashi daga ƙaramin laifi ya koma babba idan direba ya maimaita, ko ya ji wa wani mummunan rauni, ko ya kashe. Jihar Niyok ta ƙara mataki a 2009, inda ɗaukar yaro a mota cikin maye ya zama babban laifi ko da ba a yi haɗari ba. A nan gida kuwa, dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta yanka tarar naira 5,000. Sai an rasa rai ake maganar ɗaurin da zai kai shekara 7.

Wani zai ce ai Kano ce, tun 2000 shari'a ta tanadi bulala ga mashayin giya, Hisba kuma tana fasa kwalabe. Gaskiya ne. Sai dai mayen direbobinmu galibi ba na kwalbar giya ba ne. Tiramadol ne, da kodin da gwamnati ta hana a 2018, da gadagin da wasu ke zuba wa ƙwaya. Mai sha ma bai ɗauke shi maye ba, cewa yake maganin gajiya ne. Na'urar da jami'i ke sa direba ya hura kuwa barasa take ganewa, ƙwaya ta wuce ta salin-alin.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an yi ɓarnar. Direba ya ce burki ne ya shanye, dattawa su shiga tsakani, iyalan mamaci su ce sun bar wa Allah. Yafiya haƙƙinsu ce, kuma akwai lada a ciki. Amma wanda ya haɗiyi ƙwaya da saninsa sannan ya tayar da tirela, ya wuce a kira abin da ya yi tsautsayi, kuma gobe yana kan titi.

Don haka muna kira ga Majalisar Dokokin Kano ta mai da tuƙi cikin maye babban laifi tun kafin a rasa rai. Duk haɗarin da aka ji rauni, a gwada jinin direba a asibiti nan take, da haɗin gwiwar hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, KAROTA, da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA. Kamfanin da ya hana direbansa barci har ya nemi ƙwaya, shi ma a gurfanar da shi tare da direban.