Wanda Ya Tuba Daga Giya A Jibiya, Da Wa Zai Zauna?

Tun shekarar 2000 da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci aka hana cinikin giya, kuma hanin daidai ne. Sai dai rufe mashaya ba ya cire ƙishin da ya riga ya kama jikin mutum. A gari irin Jibiya, inda mota ke tsallaka Magama ta bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, cikin ƙasar da dokarta ba ta hana sayar da barasa ba, mai nema ba ya rasa hanya. Ba maƙwabta muke zargi ba, domin kwalba ba ta tsallako da ƙafarta. Rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, sun zaunar da direbobi da 'yan dako da 'yan kamasho ba aiki, ga 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu. Zaman banza da baƙin ciki tsofaffin ƙofofin maye ne.

Mu masu hawa mumbari mun iya bayyana haramcin giya. Inda maganarmu ke tsayawa shi ne mutumin da ya ji huɗuba ranar Juma'a, ya zubar da hawaye ya tuba, sannan Asabar da dare ya duba ya ga ba shi da majalisa sai ta jiya. Mutanen kirki suna ƙyamarsa, abokan sha suna yi masa maraba. Ina zai nufa?

Sunna ba ta bar wannan tambaya ba amsa ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya kashe rai ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai sallame shi da fatawa kaɗai ba. Ya umarce shi ya bar garinsu ya koma inda wasu bayin Allah ke ibada, ya zauna tare da su. Bukhari kuma ya kawo labarin Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Himar, da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa mai fama da giya ya fi riƙe kansa idan yana zama da wanda ya san ciwon. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali: zama a kai a kai, ba kuɗin shiga, ba a fitar da sunan kowa. A 1989 Musulmin birnin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka ɗora tsarin a kan tauhidi da salla da tuba. Hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa.

Wani ɗalibi zai ce: ai an hana mutum tona asirin zunubinsa. Gaskiya ne, amma wanda aka zarga shi ne mai wayar gari yana yaye suturar da Allah Ya yi masa, cikin alfahari ko rashin damuwa. Mai faɗin ciwonsa ga wanda zai taimake shi, hukuncinsa na majinyaci ne gaban likita. Kuma ba a buƙatar ya zayyana abin da ya aikata cikin maye. Ya isa ya ce yau kwanansa goma bai sha ba, jiya kuma ya kusa faɗuwa.

Iyalai da yawa hanya biyu suka sani: ɓoyewa har abin ya ci mutum, ko kai shi gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da Daura wata guda bayan haka, na mutane ɗaure da sarƙa, ya isa ya sa mu ji kunyar hanya ta biyu.

Mai neman mafita ya fara da likita. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, idan ya yanke rana ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya da ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, abin kuma yana kisa. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Hukumar NDLEA ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara. A tambayi ma'aikatan nan kai tsaye ko akwai wasu masu murmurewa da ke haɗuwa. Mai waya da ɗan Turanci zai iya shiga irin wannan zama ta intanet, ya ɗauki mai amfani ya bar abin da ya saɓa wa aƙidarsa.

Amma ɗan dakon Magama ba intanet zai shiga ba, liman zai samu. Don haka muna kira ga limaman Jibiya su buɗe wannan zama da kansu: mutum huɗu ko biyar, sau ɗaya a mako bayan Isha'i, a zauren da shigarsa ba ta jawo ido. Kada a rubuta suna, kada abin da aka faɗa ya isa kunnen Hisba ko na surukai. Wanda ya fi daɗewa da bari shi zai jagoranta, liman ya rage wa'azi ya yawaita sauraro. Mata su yi nasu a hannun malamar Islamiyya mai riƙon amana. Wanda kuma ya koma ya sha ranar Talata, a aika masa cewa ana jiransa ranar Alhamis.