Tsohon Jirgi Da Sabuwar Ƙwaƙwalwa

A garin Morgantown da ke jihar West Virginia ta ƙasar Amurka akwai wani jirgi marar direba da ke jigilar ɗaliban jami'ar jihar tun shekarar 1975. Kamfanin Boeing ne ya haɗa shi. Kada mai karatu ya ɗauka taragai ne a jere irin na jirgin Legas zuwa Kano. Ƙananan motoci ne masu tayoyin roba, kowace tana ɗaukar mutum kamar 20, suna bin hanyar kankare tasu ta daban tsakanin tashoshi 5. Fasinja kan zaɓi tashar da za shi, kwamfuta ta turo masa mota, ta wuce da shi can ba tare da tsayawa a tashoshin tsakiya ba.

To, ƙarfe da kankare suna da juriya, amma ƙwaƙwalwar da ke sarrafa su ta riga su tsufa. Kwamfutocin farko ƙirar PDP-11 ne na kamfanin DEC, wanda Compaq ya saye a 1998. Umarnin tafiya da tsayawa kuwa ta wasu wayoyi da aka binne cikin hanyar yake isa ga motocin. Da shekaru suka ja, kayan gyara suka yi wuya, jirgin ya riƙa tsayawa ba shiri. Dama an tsara shi ne yadda in na'ura ta yi shakkar inda wata mota take, sai ta tsayar da tafiya don gudun karo. Wannan hikima ce, sai dai ɗalibin da ke da jarrabawa ƙarfe 8 na safe ba zai yaba mata ba.

Mai saurin yanke hukunci zai ce a rushe shi a sayo bas-bas. Ni ban yarda ba. Garin a matse yake tsakanin tsaunuka da kogin Monongahela, kuma cunkoson da bas-bas ke maƙalewa a ciki shi ne tun farko ya sa aka gina jirgin. Komawa gare su tamkar gudun gara ne a faɗa gidan zago. Shawarar da jami'ar ta yanke ita ce daidai: ta bar hanyar yadda take, ta ba kamfanin Thales aikin sauya tsarin sarrafawa, wanda ya fara aiki a 2018. Yanzu ta rediyo kowace mota ke sanar da cibiya inda take, don haka an rage dogaro da wayoyin da sai an fasa kankare kafin a kai gare su.

Amma akwai inda nake da ja. An bari tsarin farko ya haura shekara 40 kafin a maye gurbinsa, alhali alamun gajiyarsa sun daɗe da bayyana. Kuma tarkon da aka fita daga cikinsa yana nan a ɗane. A 2024 kamfanin Hitachi Rail ya saye sashen Thales mai kula da harkar jiragen ƙasa, wato kafin sabon tsarin ya cika shekara 7 har mai shi ya canja. A ganina wajibi ne jami'ar ta riƙe cikakkun takardun tsarin a hannunta, ta horar da injiniyoyinta a kansa, ta kuma fara ware kuɗin sauyi na gaba tun yanzu. Ai ɗaya daga cikin tashoshin 5 ɗin a bakin tsangayar injiniya take.