Raddi: Bamaguje Ba Sunan Matsafi Ba Ne

Wani marubuci ya fito yana cewa wai duk mai imani da tsafi da iskoki, sunansa a Hausa Bamaguje. Hujjarsa kuwa: wai wani mutum mai suna Bama ne ya guje wa salla, shi ke nan suna ya bi jikokinsa. Zan yi masa adalci, ko da yake abin da ya kawo tatsuniya ce aka naɗa mata rawani.

Mu fara da Baman nan. Ɗan firamare ya san aikin "ba-" a Bahaushe, Bature, Bakano: mutum ɗaya take nunawa, in an zo jam'i ta faɗi, a ce Hausawa, Turawa, Kanawa. To, Bamaguje jam'insa Maguzawa. Ina Bama ya shiga? An yanke masa kai, an bar "ma" tana reto! Sannan malam bai tambayi kansa daga ina "z" ta fito ba. Hausa kan mai da "z" ta koma "j" a gaban "e" ko "i", shi ya sa kaza ta zama kaji. Ita ko "guje" daga "gudu" take. Da gudu ne asalin, Magudawa za mu riƙa cewa, kuma ba Bahaushen da ya taɓa faɗin haka. Haba malam, wannan ai ko ƙamus ba ya buƙata, kunne ya isa.

Inda manazarta da dama suka karkata kan asalin sunan shi ne Majus, wato Majusawan Farisa, waɗanda aka ambata a Suratul Hajji, aya ta 17. Sananne ne cewa Sayyidina Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman bin Auf ya shaida cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya karɓa daga Majusawan Hajar. Ka ga ke nan sunan na hukunci ne: mutanen da za su zauna cikin amana, su yi nomansu, su biya jiziya. Ba ruwansa da wanda ke binne laya a bakin ƙofar kishiya.

Na biyu, wai bori na Maguzawa ne kaɗai. Wani manazarci mai suna Tremearne ya wallafa littafinsa kan bori a 1914, kuma a Tunis da Tarabulus ya sami 'yan borinsa, cikin Hausawa Musulmi. A jerin iskokin ma akwai Malam Alhaji, da allonsa da carbinsa. Wadda aka yi wa girka a cikin birni, ta yi azumi ta yi salla, ita ma Bamagujiya za ka kira ta? Je ka gwada mu gani.

Na uku, Maguzawa da yawa a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau yau Kirista ne, wasu sun musulunta. Wanda ke zuwa coci ran Lahadi, da wane tsafin za ka jingina shi?

Na huɗu, ba mu rasa kalmomi ba: matsafi, boka, ɗan bori, mai duba, ɗan tsibbu, maye, kowa da aikinsa.

Batun cewa wai haka ake faɗa a fina-finai kuwa, wannan ba zan ɓata tawada a kansa ba.