Taku Uku a Gaban Zaure: Wa Ya Ba da Izini?

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da muka fito daga kudancin Kano, akwai wani abu da kowannenmu yake gani duk hutu amma ba ma ɗaukarsa a bakin komai. Da zarar an yi kaka, an sayar da masara da shinkafa, kuɗi sun ɗan shigo hannu, sai ka ga an fara sauke bulo da yashi a ƙofar gidaje. A Bebeji haka ne, a Kiru haka ne, Tudun Wada da Doguwa ma ba su tsira ba. Mai gida zai jawo zaurensa gaba taku biyu ko uku, ya fitar da shago, yaron da ya gama sakandare ya samu wurin cajin waya ko POS. Wani kuma ba ya farawa da shago. Bana dakali ne na shan iska, baɗi a ɗora masa rumfar kwano, shekara ta uku a zagaye shi da bulo, sai ga ɗaki ya tsaya a inda jiya ake wucewa da amalanke.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Duk ginin da zai fito gaban gida ya nufi hanya, ya kamata a nemi izininsa a rubuce, ko da a ƙauye ne. Kuma wannan izini ya kamata mutum ya same shi a kusa da shi, a kuɗi kaɗan, cikin kwanaki, ba sai ya hau mota zuwa birni ba.

Na san abin da wasu za su ce: haba malam, mutum da gidansa, gadon ubansa, sai ya roƙi wani kafin ya ɗora bulo? Idan a tsakar gida ne, ko a baya wajen turken awaki, wannan wata magana ce daban. Amma gaban gida ba haka yake ba. Taku ukun nan da ka ci, daga ina suka fito? Daga hanya suka fito. Kuma ba kai kaɗai za ka ci ba, domin maƙwabcinka yana kallo. Gobe shi ma zai jawo nasa ya daidaita da naka, na tsallake kuma ya ce ai shi ma ba bare ba ne a unguwar. Layin da a da mota ke shiga ta juya, cikin 'yan shekaru sai ya koma lungun da a daidaita sahu ke shiga da baya. Duk wanda ya taɓa ɗaukar makara a irin wannan lungu, ana karkata ta ana cewa a yi a hankali da kwano, ya san abin da nake nufi. Haka mai naƙuda da tsakar dare, sai an tallafo ta a ƙafa har bakin titi saboda mota ba ta isa ƙofar gida. Motar kashe gobara kuwa ba a ma maganarta.

Sai ruwa. Mu yankinmu ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, wanda ya yi damina a Doguwa ko Tudun Wada ba sai an ba shi labari ba. Shagon da aka fitar gaban gida galibi a kan lambatu yake zama, ko a kan hanyar da ruwa ya saba bi tun kafin a haife mu. An rufe ta da kankare, ba a bar wurin yashewa ba. Ruwa kuma ba ya neman izinin kowa, idan ka tare shi nan zai faɗa gidan da ya fi gangare, kuma sau da yawa gidan ƙasa ne na wanda ba shi da halin yin bulo. Watan Agusta katanga ta jiƙe ta zauna, a ce ƙaddara. Ƙaddara ce, amma akwai hannun mai shago a ciki. Ga kuma masu haƙa sokawe a waje, a kan hanya, su rufe da silab mai kaurin faranti, ranar da motar taki ta taka shi sai labari ya canza.

Wani zai ɗauka wannan tunanin 'yan boko ne, kayan Turawa da muka haddace a aji. To ba haka ba ne. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya ƙayyade faɗin hanya da kamu bakwai idan mutane suka yi saɓani a kanta, wato mita uku da ɗoriya, a zamanin da raƙumi mai kaya ne babbar mota. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun yi dogon bayani a kan filin da ke manne da bangon gida ta waje. Mai gida yana da haƙƙin amfani da shi, ya zauna, ya ɗaure dabba, ruwan indararonsa ya zuba a nan, amma ba ya da ikon cutar da masu wucewa da shi. Wani magini a birnin Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14 kuma alƙalai ke tura shi duba rigingimun gini, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini. A ciki har da batun wanda ya buɗe shago yana kallon ƙofar gidan maƙwabcinsa. Ku duba fa, shekaru kusan 700 da suka wuce. Mu kuma yau sai a buɗe shagon caji daidai saitin zauren mutane, samari su cika benci daga safe har dare, matan gidan su rasa yadda za su fita unguwa, kuma babu wanda ya tambaye su kafin a sa harsashi.

Yanzu bari in juya ga hukuma, domin laifin ba na masu gida kaɗai ba ne. Ka tsayar da magidanci a kasuwar ƙauye ka tambaye shi, idan zai fitar da shago wane ofis zai je? Mafi yawa za su ce maka sai dai su gaya wa mai unguwa, wasu ma birkila kawai za su kira. Sunan KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, mun fi jin sa a rediyo, kuma jan fentinta a jikin bango a cikin birni muka fi ganinsa. Mutumin da ke Riruwai ko wani ƙauye bayan dajin Falgore, ka ce ya nemo mai zanen gini, ya buga takardu, ya yi ta zirga-zirga saboda shago mai faɗin ƙafa goma, ai kuɗin mota ma sun kusa sayen buhunan simintin. Ba zai je ba, kuma ni ban ga laifinsa sosai ba.

Abin mamaki shi ne doka ba ta bar wurin a buɗe ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta raba aiki gida biyu: filayen da aka ayyana a matsayin birni suna hannun gwamna, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama a kansu. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gari a matakin ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, ke nan Majalisar Dokokin Kano tana da ikon tsara abin yadda ya dace da mu. Sannan jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, raɗa wa layuka suna, sa wa gidaje lamba, da sa ido a kan shaguna da kes-kes. Kusan duk abin da nake kuka a kai yana cikin wannan jerin. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To idan mai karɓar harajin shago yana iya gano shagon ranar kasuwa ya yanka masa rasit, me zai hana a san da shagon tun kafin a gina shi?

Rashin tambaya yana da daɗi har ranar da katafila ta zo. Mun ga abin da ya faru a birni a watan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da sansanin alhazai da shagunan da ke kewaye da Filin Idi. Ba na shiga siyasar abin, kowa da ɓangarensa a makarantar nan, kuma ba na son a tare ni a kantin abinci. Abin da ya dame ni shi ne wannan: 'yan kasuwar Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya a Kano, kotu ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30. Takarda ba ta hana katafila zuwa ba, gaskiya ne, amma ita ce ta ba su bakin magana a gaban alƙali. Wanda ya ci hanya a garinmu ba tare da ko guntun rasit ba, ranar da aka zo faɗaɗa titi da me zai je kotu?

Kuma titi yana zuwa. Gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta ɗauko aikin titin kilomita biyar a ƙananan hukumomin jihar. Babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wadda aka ba Julius Berger a 2017, ta ratsa ta Kwanar Dangora. Ga hanyar da ta bi ta Tudun Wada ta keta Falgore ta nufi Saminaka da Jos. A kan hanyar tarayya, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe na hanya ne, ko an zuba kwalta a wurin ko ba a zuba ba. Mutum nawa ne cikin masu shaguna a bakin waɗannan hanyoyi aka taɓa auna musu wannan? Haka wayar lantarki, babbar wayar da ke shiga gari tana da tazarar da ba a gini a ƙarƙashinta, amma sai ka ga rumfar kwano ta kusa sumbatar waya, yaro kuma yana hawa kai ɗauko ƙwallo.

Abin da nake ganin zai yi aiki ba wani babban abu ba ne. Kafin a ce wa kowa ya nemi izini, a fara fitar da layin gini a kowane layi na manyan garuruwanmu, a kafa fegi na kankare da kowa zai gani, a gaban mai unguwa da dagaci. Idan babu layi, izini ya zama ra'ayin jami'i, yau ya yarda gobe ya ƙi, gwargwadon nauyin abin da aka sa masa a aljihu. Wannan ita ce babbar fargabar mutane, kuma suna da gaskiya, domin mun sha ganin doka ta zama shingen karɓar na goro. Maganinta shi ne a rage wa jami'in wurin wasa. Takarda shafi ɗaya, da Hausa. Kuɗin a rubuce a bangon sakatariya, daidai da abin da talaka zai iya biya. A zo a auna cikin mako biyu, idan ba a zo ba a ɗauka an amince, matuƙar ginin bai tsallake fegi ba. A duba abu uku kawai, hanya da ruwa da inda ƙofar shagon ke kallo.

Maƙwabta fa? A sanar da su, na dama da na hagu da na tsallake, su sa hannu cewa sun sani. Amma kada a ce yardarsu ce izinin. Mun san halinmu. Mutum zai ga ana cin hanyar gidansa, kunya da zumunci su hana shi magana, ya ce ba komai Alhaji, Allah ya sa albarka, ya koma ciki yana cizon yatsa shekara ashirin. Balle idan mai ginin surukinsa ne ko shi ke ba shi bashin taki. Fegi ba ya jin kunyar kowa, shi ya sa na fi yarda da shi.

Gine-ginen da suka riga suka fito kuwa, ban ce a bi su da rusau ba. A cikinsu akwai shagon da ke biyan kuɗin makarantar wasu daga cikinmu, ni ma na san da haka. A rubuta su, wanda ya toshe lambatu a sa shi ya buɗe ya sa murfin da ake ɗagawa, wanda ya ci hanya a gaya masa a rubuce cewa ranar da ginin ya tashi gyara zai koma bayan fegi. Daga yau kuma kada wani sabo ya tsallake.

Wa zai yi awon? Ga mu nan. Kwalejin nan tana yaye masu karatun tsara birane da zanen gini da fasahar gini duk shekara, 'yan uwanmu na makarantar nazarin muhalli da ke Gwarzo sun san tef da lebur kamar yunwar cikinsu, Rano kuma ga ta nan maƙwabciyar Bebeji da Tudun Wada. Da yawanmu muna yin watannin SIWES a ofisoshin da aikinmu bai wuce sayo wa oga katin waya da sa hannu a littafin halarta ba. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su zauna da shugabannin sassan nan, a rubuta wa ciyamomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa takarda, a nemi kowannensu ya ba da unguwa ɗaya ta gwaji. Ɗalibai shida, malami ɗaya mai duba aiki, tef da fenti da fegi, da mai unguwa a gaba yana nuna inda hanya take tun asali. Dattawan da suka san inda tsohuwar katangar kowane gida ta tsaya suna nan da ransu, kuma a fara kafin kaka mai zuwa, tun ba a sauke bulon bana ba.