Sunan makaranta ko sanin shari'a?

A Amurka, manyan ofisoshin lauyoyi na New York da Washington sun saba zaɓen sababbin ma'aikatansu daga jami'o'i irin su Harvard da Yale. Ɗalibin ƙaramar makaranta kuwa, sai ya yi fice a ajinsu kafin a kira shi ganawa, kuma sunan makarantarsa ake fara dubawa. Hatta a Kotun Ƙolin ƙasar, alƙalai 8 cikin 9 daga jami'o'in nan biyu suka fito.

A ganinmu wannan rashin adalci ne, kuma asara ce. Thurgood Marshall a jami'ar Howard ta baƙaƙen fata ya karanta shari'a, amma shi ya jagoranci ƙarar da ta haramta wariyar launi a makarantun gwamnati a 1954.

Kada mu kwaikwayi wannan hali. Albarkacin yarjejeniyar OHADA ta 1993, dokokin kasuwanci ɗaya ne a Yamai da Dakar da Abijan. Saboda haka ɗan kasuwar Maraɗi ko shugaban ma'aikata, in zai ɗauki lauya, ya daina tambayar ko a Paris ya yi karatu. Ya miƙa masa takardar kwangila, ya ga ko zai gano tarkon da ke cikinta.