Wasannin Sanɗa da Idon Kan Iyaka: Abin da Mazanya Za Ta Ƙara wa Nazarin Hausa

A shekarar 1987 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Metal Gear, wanda Hideo Kojima ya tsara. Na'urar MSX2 da aka yi wasan dominta ba ta da ƙarfin nuna mayaƙa da harsasai masu yawa a lokaci guda. Saboda haka sai Kojima ya juya akalar wasan, ya ɗora nasarar ɗan wasa a kan ya wuce ba tare da abokan gaba sun gan shi ba. Akwai waɗanda suka riga shi gwada wannan hanya, kamar Castle Wolfenstein na 1981, amma daga hannunsa ne salon ya yi ƙarfi har ya zama rukuni mai zaman kansa. Sunan da ya fi dacewa da wannan rukuni a Hausa shi ne wasannin sanɗa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne masu nazarin Hausa suna da abin cewa a kan waɗannan wasanni, kuma jinkirin da suke yi asara ce. Kowane wasan sanɗa yana ɗauke da wata fahimta game da gani da ɓuya: wane ne mai kallo, me yake iya tunawa, me zai biyo baya idan ido ya faɗa kan mutum. Bahaushe ma yana da tasa fahimtar, tana nan a cikin kalmominsa da sana'o'insa. Wurin da ya fi dacewa a gwada fahimtar biyu shi ne yankin kan iyaka kamar Mazanya ta Ƙaramar Hukumar Jibiya a Jihar Katsina, inda ɓuya lamari ne na rayuwar yau da kullum.

Yadda Wasa Yake Gina Idon Abokin Gaba

Ta hanyoyi uku mai gadi yake gano ɗan wasa: ido, kunne da kuma kama. A Metal Gear Solid na 1998 an zana ganin mai gadi a kan ɗan taswirar da ke gefen allo, ya yi tsini daga fuskarsa ya buɗe gaba. Wanda ya kauce wa wannan zane ya tsira ko da yana dab da ƙeyar mai gadin. Ɗan wasa yana iya ƙwanƙwasa bango don ya ja mai gadi zuwa wani gefe, mai gadin kuma yana iya bin sawun da aka bari a kan ƙanƙara. A Thief: The Dark Project, wanda shi ma ya fito a 1998, haske da sauti ne ginshiƙai. Akwai alama a ƙasan allo da ke nuna yawan hasken da ke kan ɗan wasa, yana kashe fitilu da kibiyar ruwa, kuma takunsa a kan ƙarfe ya fi takunsa a kan darduma ƙara. Hitman na shekarar 2000 ya kawo ɓad da kama, inda sauya tufafi ke buɗe ƙofar da aka hana shiga. Assassin's Creed na 2007 kuwa ya koya wa ɗan wasa sajewa da jama'a da faɗawa cikin tarin ciyawa.

Idan aka gano ɗan wasa a Metal Gear, alamar motsin rai takan bayyana a kan mai gadi, a shiga farauta. Idan ya samu maɓoya, sai wani ƙidaye ya fara sauka, yana ƙarewa kowa ya koma bakin aikinsa kamar ba a yi ba. Idan kuma aka kashe shi, sai ya koma inda ya ajiye wasan ya sake gwadawa. Wannan tsari ya tsaya a kan zato uku: mai kallo baƙo ne kuma maƙiyi, mai kallo yana mantuwa, kuskure yana gyaruwa.

Rumbun Kalmomin Ɓuya

Hausa ba ta bukatar aro kafin ta bayyana waɗannan dabaru. Sanɗa tafiya ce a hankali zuwa ga abin da ake so a cim ma. Laɓe tsayuwa ce a bayan wani abu don a ji ko a gani. Fako jira ne na wanda ya san hanyar da za a biyo. Kwanton ɓauna jira ne da nufin afkawa. Sulalewa fita ce ba tare da an farga ba. Ga ɓad da kama, ga ɓad da sawu. Maharbin Hausa ya daɗe yana ɗaura burtu a goshi, ya duƙa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci namun daji, yana lura da inda iska ke kaɗawa don kada su ji warinsa. Wanda ya san burtu ba zai yi mamakin kwalin da jarumin Metal Gear yake shigewa ciki yana rarrafe ba. A fagen tsafe-tsafe da magungunan gargajiya akwai layar zana da baduhu, ɗaya ana cewa tana ɓatar da mutum daga ido, ɗaya yana rufe idon mai nema da duhu. Yara kuwa tun suna ƙanana suke koyon wasan ɓuya a dandali.

Abin lura a nan shi ne kalmomin suna tafe da hukunci. Ana yaba wa maharbi da iya sanɗa, amma laɓe abin kunya ne, mai yin sa ana ƙyamarsa. Fako yana iya zama na mai gona da ke jiran ɓarawo, yana iya zama na ɗan fashi. Duk mai fassara wasan sanɗa zuwa Hausa dole ne ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, kuma da zarar ya zaɓa ya riga ya faɗi matsayin jarumin a idon jama'a. Wannan aiki ne na masanin harshe da al'ada, domin mai tsara manhaja kaɗai ba zai iya ba.

Mazanya da Zato Uku

Mazanya tana cikin yankin da hanyar Katsina zuwa Maraɗi take ƙetare iyaka, ta Magamar Jibiya zuwa Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar. Iyakar da ke nan ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, aka kuma shata ta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Ta ratsa jama'a guda ce, masu harshe ɗaya da auratayya, domin sarautar Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne da suka ƙaura arewa bayan jihadi suka kafa ta. A 'yan shekarun nan an rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agusta na 2019, aka hana kai man fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamba na wannan shekara, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Kowace rufewa takan mayar da wani sashe na zirga-zirgar da aka saba zuwa hanyoyin bayan gari, har mai zuwa suna ko ta'aziyya ya wayi gari yana kauce wa ido kamar ɗan fasa-ƙwauri.

A irin wannan wuri zato na farko ba ya tsayawa. Mai kallo galibi ba baƙo ba ne. Wanda ya ga mutum ya wuce da dare yana iya zama surukinsa ko abokin cinikinsa a kasuwar Jibiya. Ido ɗaya ne yake tona asiri, shi ne kuma yake rufa shi, domin a ƙauye shaida ita ce takardar mutum: wanda aka sani ɗan gidan wane ne ya fi wanda ba a sani ba aminci. Wasa yana koyar da cewa tsira tana cikin rashin ganuwa, alhali a nan sau da yawa tsira tana cikin a san mutum. Haɗarin ma daga nan yake fitowa. Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi yankin, kalmar infoma ta shiga bakin jama'a, kuma tsoron da take jawowa tsoron na gida ne. Da ɗan gari akan ci gari. Katse layukan wayar salula da aka yi a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a Satumban 2021, har da Jibiya, yunƙuri ne na toshe wannan kunne.

Zato na biyu ma haka. Mai gadin wasa yana mantuwa cikin daƙiƙu, amma gari ba ya mantuwa. Wanda aka gani sau ɗaya a inda bai kamata ba, maganar takan bi shi har ranar neman aurensa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Zato na uku kuwa ya fi sauran nauyi. An sha rasa rayuka a tseren da ake yi tsakanin masu fasa-ƙwauri da jami'ai a hanyoyin kan iyaka, wani lokaci har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma babu maɓallin da ke dawo da su.

Akwai wani bambanci da ya fi waɗannan cancantar nazari. A wasa mai ɓuya shi ne jarumi mai makami, wanda ya zaɓi sanɗa don gwaninta. A ƙauyukan da 'yan bindiga ke kai wa hari, mai ɓuya galibi shi ne mara ƙarfi: tsoho, ko mace da goyo a baya tana fargabar kada jaririn ya yi kuka. Gero da dawa idan suka yi tsawo da damina suna rufe mai gudu, suna kuma rufe mai hari. Wasannin da aka ambata sun ƙware wajen auna haske da sauti, amma wannan irin tsoro ba ya cikin lissafinsu.

Ƙorafi Biyu

Wani zai ce wasa wasa ne, bai yi alkawarin kwatanta rayuwa ba. Haka ne, sai dai tatsuniya ma ba ta yi wannan alkawari ba, kuma ba a fasa nazarin wayon Gizo da abin da yake koya wa yara ba. Wani kuma zai ji tsoron kada wasannin su koya wa matasa dabarun laifi. Wannan tsoro bai da tushe mai ƙarfi, domin kauce wa zanen da ke kan allo ba ya kama da kauce wa mutum mai ido da dangi. Abin da ya fi dacewa a bincika shi ne tunanin da ke ƙarƙashin wasan, wato ɗaukar duk mai kallo a matsayin maƙiyi, a cikin al'ummar da zaman lafiyarta ya dogara da sanin juna.

Kammalawa

Ayyuka uku suna jiran sassan Hausa na jami'o'i, musamman na kusa da iyaka kamar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Na farko shi ne tsara kalmomin wasannin bidiyo daga rumbun harshen, tun kafin na aro su kafu. Na biyu shi ne tattara kalmomi da karin maganar ɓuya daga bakin maharba, direbobi da 'yan kasuwar kan iyaka, ta hanyar da za ta kare sunayen masu ba da bayani. Na uku shi ne haɗa kai da matasa masu tsara manhaja. Wasan Papers, Please na Lucas Pope, wanda ya fito a 2013, ya ɗora ɗan wasa a kujerar jami'in shige da fice yana duba takardu yana kokawa da lamirinsa, ya nuna cewa iyaka tana iya zama jigon wasa mai zurfi ba tare da yawan harbi ba. Wasan da za a gina a kan yankin Mazanya yana iya sa mai gadi ya tuna fuska, ya sa gaisuwa ta buɗe hanyar da ɓad da kama ba zai buɗe ba, ya kuma ba ɗan wasa aikin fitar da iyali daga ƙauye da dare su isa Jibiya lafiya.