Marubuci, Ina Uwar Littafinka?

Yau ba labari na kawo muku ba, wata 'yar shawara ce da nake ganin in ba mu ɗauke ta da muhimmanci ba, littattafanmu da yawa za su salwanta muna ji muna gani.

Manomin Ɗambatta ko Makoɗa ko Bichi, gonarsa 'yar ƙarama ce, gero da dawa da wake duk a cikinta, amma duk tsananin bazara ba ya cin irinsa. Zangarniyar da ta fi kyau yake warewa ya adana, domin daga ita noman baɗi zai fito. To amma ɗansa marubuci fa? Zai cika littafin makaranta da labari, ya biya kuɗin mota zuwa Kano, ya miƙa wa mai shagon kwamfuta. A tsara masa a PageMaker ko CorelDraw, a kai maɗaba'a, shi ke nan ya dawo gida da littafi, ainihin fayil ɗin kuwa yana can wurin mai shago. Ranar da za a sake bugu, sai a ce kwamfutar ta lalace. Wani ya sake bugawa don WhatsApp, wata ta sake don Wattpad, kowa da nasa kuskuren. Sai ka ga littafi ɗaya kwafi huɗu, babu wanda za a nuna a ce shi ne na asali.

Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffan kwamfuta masu ƙ da ɗ da ɓ, kuma ya yi mana babban taimako. Sai dai irin wannan fayil in ya je kwamfutar da ba ta da salon, haruffan sukan rikiɗe. Yanzu tsarin Unicode ya raba wannan gardama, ko a waya ma Gboard yana da allon Hausa, don haka ba dalilin da zai sa ƙasa ta koma kasa.

Shawarata ita ce kowane littafi ya zama yana da uwa guda ɗaya tak, a hannun mai shi. Duk gyara a jikinta za a yi, daga ita kuma za a fitar da na maɗaba'a da na waya da na intanet. Sharaɗin kawai shi ne, kada ka damu da ado a cikinta, ka nuna matsayin kowane abu: wannan sunan littafi ne, wannan kan babi ne, wannan sakin layi ne. A tsarin Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, alamar # kawai za ka sa kafin kan babi. Akwai kuma manhajar kyauta mai suna Pandoc, wadda John MacFarlane ya fara a 2006, da ke juya wannan fayil ɗin zuwa Word ko EPUB ko shafin intanet cikin ɗan lokaci. Ka gyara sunan jaruma sau ɗaya, ya gyaru a duk abin da za ka sake fitarwa.

Na san wani zai ce, a ƙauyen da sai an biya ake cajin waya, wa ke da kwamfuta? Gaskiya ne, juyawar tana bukatar kwamfuta, amma rubuta uwar ba ta bukata, wayarka ta isa. Ka kai wa mai shago kwafi ya juya maka, uwar ta zauna wurinka, ɗaya a katin waya, ɗaya a imel.

Kada kuma mu ɗauki wani dandali a matsayin rumbu. OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka sayar da littattafai, ya rufe a watan Nuwamba 2023. Dandali kasuwa ce, tana ci tana watsewa, mai hankali ba ya barin irinsa a rumfa.

Littafin da kake kai yanzu, da shi za ka fara. Allah Ya sa mu dace, amin.